Sauya Layin Waya: Abin Da Ke Bin Ɗan Kasuwa Da Abin Da Ke Zama A Tsohon Gida

Tun daga watan Janairun shekarar 2025, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta amince wa kamfanonin wayar salula su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, maganar sauya layi ta sake zama abin tattaunawa a rumfunan kasuwanninmu na kan iyaka. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Maigatari zuwa Damagaram, da wuya a zauna majalisar 'yan kasuwa ba a ji wani yana kukan layinsa na shanye masa kati ba, wani kuma yana cewa nasa ba ya kamawa da zarar ya wuce shingen kwastan, kana na uku ya ba su shawarar su yar da shi su dawo wanda shi yake amfani da shi. Sau da yawa a nan take ake yanke hukunci. A tashi a nufi rumfar mai rajistar layi, a sayo sabo, a cire tsohon a jefa shi cikin aljihun tebur tare da tsofaffin rasitai.

Ba muna cewa kada a sauya ba ne. Wanda kamfani ya gaza masa yana da haƙƙin ya bar shi, kuma tsoron rasa abokan hulɗa shi ne kaɗai bulalar da ke sa waɗannan kamfanoni su gyara. Abin da muke so 'yan uwa 'yan kasuwa su lura da shi shi ne, lambar waya a yau ta wuce abin kira kawai. A kanta aka rataya WhatsApp ɗin da ake tura hoton atamfa da farashin wake, a kanta alat ɗin banki ke sauka, ita aka rubuta a jikin rumfa da bayan buhu, ita ce kuma direban da ya ɗauko kaya daga Dawanau zai kira idan ya iso tasha da tsakar dare. Wanda ya sauya ta ba tare da shiri ba, tamkar ya tashi daga rumfarsa ne da dare bai bar sallahu ba.

Iyayenmu da suka yi fataucin goro da shanu zuwa Salaga da Kumasi da Sabon Ibadan sun san wannan matsala tun kafin a ƙago waya. Falke ba ya sauka a gari sai a gidan fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan aka ɗauki kayansa bashi. Duk mai neman falken, gidan fatoman zai je ya tambaya. Wasiƙarsa can take sauka, kuɗin bashinsa can ake kaiwa. Don haka ne ma falke bai cika sauya fatoma ba sai da babban dalili, idan kuma zai sauya, sai ya karɓi bashinsa, ya kwashe ajiyarsa, ya sanar da masu hulɗa da shi inda ya koma. Kamfanin waya shi ne fatoman wannan zamani, bambancin kawai shi ne wannan fatoman bai san fuskar baƙonsa ba.

Gida ɗaya, masu gida barkatai

Idan mai karatu bai manta ba, wayar salula ta fara aiki a Nijeriya ne a watan Agustan 2001, da kamfanonin Econet da MTN, lokacin da minti ɗaya na kira ke cin Naira 50. Glo ya shigo a 2003 da tsarin cajin daƙiƙa-daƙiƙa, sai Etisalat a 2008. Wanda ya sayi layin 0802 a wancan lokaci, bai motsa ko nan da can ba amma sau huɗu ana sauya masa maigida: Econet ya koma Vmobile a 2004, ya koma Celtel a 2006, ya koma Zain a 2008, sannan ya zama Airtel a 2010, bayan kamfanin Bharti na Indiya ya sayi harkokin Zain a ƙasashen Afirka 15 kan Dala biliyan 10.7. Sudan ba ta cikin wannan ciniki, shi ya sa 'yan uwanmu Hausawan can suka ci gaba da zama da sunan Zain. Etisalat kuwa ya zama 9mobile a 2017, bayan rikicin bashi da bankuna, ya sake zama T2 a 2025.

A Jamhuriyar Nijar ma haka abin yake. Celtel ya bi wannan hanya ta Zain zuwa Airtel. Telecel ya zama Moov. Sonitel da SahelCom aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. Orange, wanda ya fara aiki a ƙasar a 2008, ya shiga taƙaddamar haraji da gwamnati a ƙarshen 2018, har aka rufe ofisoshinsa kan kuɗi Sefa biliyan 22, daga bisani a watan Nuwamban 2019 Faransawan suka sayar da hannun jarinsu ga kamfanin Zamani Com na Mohamed Rissa, mai motocin Rimbo, da Moctar Thiam, inda aka sauya masa suna zuwa Zamani Telecom. A Chadi, Tigo ya koma hannun Maroc Telecom a 2019, ya zama Moov Africa. A Ghana, Airtel da Tigo sun haɗe a 2017, Vodafone kuma ya zama Telecel a 2024. Glo ya tattara nasa ya nasa ya bar Jamhuriyar Benin a ƙarshen 2017.

Mun kawo wannan tarihi ne don abu guda. A yawancin waɗannan sauye-sauye, launin kati ya canza, allunan talla sun canza, amma lambar mutane ba ta canza ba. Dalili kuwa shi ne, lambobin waya ba mallakar kamfani ba ne, ba kuma mallakar mai layi ba ne. Dukiyar ƙasa ce, wadda hukuma, kamar NCC a Nijeriya ko ARCEP a Nijar, ke raba wa kamfanoni, su kuma su ba mu aro bisa sharuɗɗa. Daga wannan gaskiya ne duk sauran bayanan da za mu yi suka samo asali, masu daɗi da marasa daɗi.

Ƙaura da lamba

Mai daɗin ita ce, tunda lambar ba ta kamfani ba ce, hukuma na iya tilasta masa ya sake ta. A ranar 22 ga Afrilun 2013 NCC ta ƙaddamar da tsarin da ke bai wa mutum damar barin kamfaninsa ya koma wani da lambarsa a hannu. Masu kallon talabijin za su tuna da ɗan wasan barkwancin nan Saka, wanda aka saba gani a tallan Etisalat, ya wayi gari sanye da rawayar rigar MTN. Ghana ta riga Nijeriya, domin ta fara nata a watan Yulin 2011, Kamaru kuma ta biyo baya a 2017.

Abin mamaki shi ne, bayan shekara fiye da 10, har yanzu da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba su san da wannan tsari ba, ko kuma sun ɗauka abin 'yan boko ne. Alhali ba wani abu ne mai wuya ba, kuma kyauta ne. Mutum zai je ofishin kamfanin da yake son komawa, ba wanda yake son bari ba, da kansa, da lambarsa ta zama ɗan ƙasa, wato NIN. Zai cika takarda, ya tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon layin, a ba shi sabon sim. Ƙa'ida ta ce kada aikin ya wuce awa 48. Daga nan lambarsa ta 0803 na iya zama a Airtel, ko ta 0809 ta zama a Glo, duk mai kiransa kuma ba zai san an yi wani sauyi ba. Sai dai akwai wa'adin da dole mutum ya zauna a sabon gidan kafin ya sake tashi, wanda da farko kwana 90 ne, daga baya aka rage shi.

To amma lamba ce kaɗai ke tafiya. Ragowar katin da ke kan tsohon layin da ragowar data da garaɓasa duk suna zama a tsohon gida, don haka wanda ya sayi datar wata uku gara ya bari ta ƙare. Sunayen da aka ajiye a cikin sim ɗin, waɗanda ba su cika wuce 250 ba, su ma ba za su bi lambar ba, sai an kwafe su zuwa cikin waya ko asusun Google kafin tsohon sim ɗin ya mutu. Wannan ya fi shafar dattawanmu masu ƙaramar waya mai maɓalli, waɗanda littafin abokan cinikinsu na shekara 15 kaf yana cikin ɗan wannan faifai da bai kai farce ba. Haka kuma wanda ke da kuɗi a asusun waya na kamfanin da zai bari, irin su MoMo ko SmartCash, hankali ya fi kwanciya idan ya kwashe su tukuna.

Kafin duk wannan kuwa, akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. Sabis, ko rezo kamar yadda ake cewa a Nijar, ba a gane shi a allon talla. Layin da ke da ƙarfi a Kantin Kwari yana iya zama kurma a kara ta Maigatari ranar Alhamis, lokacin da dubban wayoyi suka taru kan turke ɗaya. Wanda ke son sauyawa ya ari wayar maƙwabci mai wancan layin, ya gwada ta a rumfarsa ranar kasuwa da tsakar rana, ya gwada a sito, ya gwada a kan hanyar da yake bi, don kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Inda lamba ke tsayawa

Maras daɗin ita ce, tunda lambar dukiyar ƙasa ce, ba ta ƙetare iyaka. Lambar da ke farawa da +234 ba za ta taɓa komawa ƙarƙashin kamfanin Nijar ba, haka ma ta +227 ba za ta dawo Nijeriya ba. Wanda ya bar Mai'aduwa ya koma Matamaye da zama, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, ba shi da zaɓi illa biyu: ko ya riƙe tsohon layinsa yana biyan kuɗin baƙunta, wanda ake kira romin, ko ya yanki sabuwar lamba.

An taɓa samun sauƙi a wannan fanni. A watan Nuwamban 2007 kamfanin Celtel, wanda attajiri ɗan asalin Sudan Mo Ibrahim ya kafa, ya faɗaɗa tsarinsa na One Network zuwa Nijeriya da Nijar da Chadi da Sudan da Burkina Faso da Malawi, wanda ya kai adadin ƙasashen da ke ciki 12. A ƙarƙashinsa mutum na ƙetare iyaka da layinsa, ya amsa kira kyauta, ya yi kira a farashin ƙasar da yake, ya kuma sa katin da ya saya a can. 'Yan kasuwar da suka yi zamani da shi ba su manta da shi ba, kuma shi ne ya kafa wa wannan kamfani gindi a garuruwan kan iyaka.

Ƙungiyar ECOWAS ta yi ƙoƙarin mayar da irin wannan sauƙi doka ga dukkan kamfanoni, inda a watan Disamban 2017 ta zartar da ƙa'idar da ta tanadi cewa matafiyi zai amsa kira kyauta na tsawon kwana 30 a kowace ƙasa ta ƙungiyar. Aiwatarwa ce ta yi tafiyar hawainiya. Sai a 2023 Ghana da Kwaddibuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu, a 2024 kuma Ghana ta ƙulla da Togo da Benin. Ana cikin haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, bayan sun rattaba hannu kan tasu yarjejeniyar soke kuɗin baƙunta a Yamai a watan Nuwamban 2024. Kamaru da Chadi kuwa dama ba 'yan ECOWAS ba ne, suna ƙungiyar CEMAC ta tsakiyar Afirka. Ke nan mai sayen tattasai a Diffa, ya sauke a Maiduguri, ya wuce Gamborun Ngala da Fotokol zuwa Kusiri da Injamena, ya ratsa ƙungiyoyi uku ke nan, kowace da dokarta, da waya ɗaya a aljihu. A ganinmu wannan abin takaici ne, domin ɗan Maraɗi ya fi buƙatar kira mai arha zuwa Katsina fiye da zuwa Bamako, haka ma Bakatsine ya fi kiran Maraɗi fiye da Akara.

Saboda haka wanda zai zaɓi sabon kamfani ya duba iyakar da yake cin abinci a kanta. Airtel yana Nijeriya da Nijar da Chadi, amma ba ya Kamaru da Benin. MTN yana Nijeriya da Kamaru da Benin da Ghana da Sudan, amma ba ya Nijar da Chadi. Moov Africa yana Nijar da Chadi da Benin, ba ya Nijeriya. Shawarar da ta dace da mutumin Mubi ko Banki ba lallai ta dace da mutumin Kamba ko Kongolam ba. Bugu da ƙari, suna ɗaya ba ya nufin asusu ɗaya. Kowane reshe kamfani ne mai zaman kansa, da lasisinsa da farashinsa da irin kuɗin da yake hulɗa da su, don haka a tambayi farashin baƙunta a ofis kafin a biya kuɗin layi. Mazauna daf da iyaka kuma su saita wayarsu ta daina zaɓen sabis da kanta, domin takan kama turken maƙwabta mutum na kwance a ɗakinsa, kati ya ƙone bai je ko'ina ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba mu ga laifin masu yawo da layin ƙasa biyu ba. A watan Satumban 2021 an rufe dukkan layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka biyo da ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Jibiya, da wasu na Jihar Sakkwato. A wancan lokaci sauya sheƙa daga MTN zuwa Glo bai amfana wa kowa komai ba, domin duk turakun aka kashe. Waɗanda ke kusa da iyaka, masu layin Nijar ne kaɗai suka ci gaba da jin duniya. A farkon wannan shekara ta 2021 ɗin kuma, Nijar ce ta yi kimanin kwana 10 babu intanet a wayoyin hannu bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Yau ga wannan ne, gobe ga wancan.

Layin da aka jefa aljihun tebur

Yanzu bari mu koma ga wancan tsohon sim da aka cire, domin a nan ne asara mafi girma ke kwance, kuma ba ta bayyana sai bayan an manta da shi.

Ga yadda abin ke faruwa. Ɗan kasuwa ya yanki sabuwar lamba don kira da data, amma ya bar WhatsApp ɗinsa a kan tsohuwar, saboda ita abokan ciniki suka sani. Manhajar kuwa ba ta damu da ko sim ɗin na cikin waya ba. Sau ɗaya take neman sa, ranar rajista, lokacin da take turo lambobi shida ta saƙon tes. Daga nan za ta yi ta aiki da kowace irin data, ko ta Nijeriya ko ta Nijar. Wata ya wuce, shekara ta wuce, komai na tafiya daidai, mutum ya saki jiki.

A can gefe kuwa agogo na tafiya. Ƙa'idar NCC ita ce, layin da ya yi wata shida ba a yi wata hulɗa da shi ba za a dakatar da shi, idan kuma ya ƙara wasu wata shidan, kamfani na iya sake sayar da lambar ga wani. Ba mugunta ba ce, aro ne aka karɓe. Ranar da wani saurayi a Aba ko Abekuta ya sayi wannan lamba ya sa WhatsApp, lambobi shidan nan wayarsa za su shiga, kuma a daidai lokacin manhajar za ta rufe a wayar Alhaji da ke Illela. Tsofaffin saƙonni ba za su koma wa saurayin ba, domin suna cikin wayar mai su, to amma zai tsinci kansa a zaurukan 'yan kasuwa, kuma duk wanda ya turo saƙo daga ranar, shi yake yi wa magana yana zaton Alhaji ne. Idan mai tsoron Allah ne zai ce an yi kuskuren lamba. Idan ba haka ba ne, abin da kawai yake buƙata shi ne wani ya rubuto cewa kuɗin shanu sun haɗu, a turo lambar asusu.

Lambar sirri ta biyu da WhatsApp ke bari a sa, mai lambobi shida, tana da amfani ƙwarai, kuma muna ba kowa shawara ya sa ta. Sai dai a san iyakarta: wanda ke riƙe da sim ɗin, idan ya jira kwana bakwai, zai iya shiga ba tare da ita ba. Mako guda take saya wa mutum, ba ta mayar masa da lambar da ta bar hannunsa. Ko da ma ba a sayar da lambar ga kowa ba, ranar da waya ta faɗi a kasuwa ko aka yanke aljihu, sabuwar waya za ta nemi saƙon tes daga layin da ya riga ya mutu.

Maganin yana cikin manhajar kanta. A wurin saitin asusu akwai inda ake canza lamba, a rubuta tsohuwa da sabuwa, kowace da lambar ƙasarta, ko da ɗaya ta Nijeriya ce ɗaya ta Nijar. Hoto da suna da zauruka duk za su koma sabuwar, hirarraki za su zauna muddin a waya ɗaya aka yi, kuma manhajar za ta sanar da abokan hulɗa idan an zaɓi hakan. Aikin minti biyar ne. Amma duk da haka muna ganin manyan abokan ciniki, musamman waɗanda ake bashi da su, a kira su da baki a gaya musu, domin saƙon da ke cewa wane ya sauya lamba shi ne dai irin wanda 'yan damfara ke turawa.

Na banki ya fi wannan haɗari. Lambar da aka yi rajistar BVN da ita, ita ke karɓar alat da lambobin tabbatarwa, da ita kuma ake tura kuɗi ta gajerun lambobin nan masu tauraro. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa ko masu sayar da awaki karɓar taransifa, mutane da dama suka buɗe asusun OPay da PalmPay, waɗanda lambar asusunsu ita ce lambar wayar mutum idan aka cire sifirin farko. Wanda ya saki irin wannan lamba ya saki makullin sitonsa ne. Dole ne a je banki a sauya lambar da ke kan asusu da kan BVN kafin a bar tsohon layi, ba bayan an bar shi ba. Haka ma a Nijar, wanda ke karɓar aike ta Nita ko Al Izza ko Amana, ko yake da asusun Airtel Money ko Moov Money, ya tabbatar masu yi masa aike sun daina rubuta tsohuwar lambar.

Layin wa ne?

Akwai wata tambaya da ya kamata kowa ya yi wa kansa tun kafin tunanin sauyawa ya taso: da sunan wa aka yi rajistar layin nan? A kan iyaka, al'ada ce mutumin Nijeriya ya sa mai masaukinsa na Ƙonni ya yankar masa layi da katin ɗan ƙasarsa, shi ma Banijare ya sa wani ɗan uwa a Illela ya yi masa da NIN ɗinsa. Wasu ma yaron shago suka aika. Zumunci ne, kuma yana biyan buƙatar ranar, to amma a idon kamfani mai layin shi ne wanda sunansa ke kan rajista. Shi kaɗai zai iya ɗauke lambar zuwa wani kamfani, shi kaɗai za a bai wa sabon sim idan wannan ya ɓata. Idan yaron ya bar aiki da rigima, ko mai masaukin ya riga mu gidan gaskiya, Alhaji zai tarar cewa lambar da ya shekara 10 yana gina sunansa a kai, ba tasa ba ce.

Aikin haɗa layi da NIN, wanda aka fara a watan Disamban 2020 aka rufe a ranar 14 ga Satumban 2024, ya fallasa girman wannan matsala. Alƙaluman NCC sun nuna cewa layukan da ke aiki a Nijeriya sun faɗo daga miliyan 219 a watan Maris na 2024 zuwa kimanin miliyan 154 a watan Satumba, sakamakon rufe waɗanda ba a tantance ba da kuma gyaran ƙidaya. Duk wanda layinsa ya tsallake wannan siraɗi da sunan wani, lokacin gyara shi ne yanzu, tun mai sunan yana raye kuma ana ga maciji. Su tafi ofishin kamfani tare, a mayar da rajistar kan mai amfani da layin idan yana da takardun da ake buƙata. Idan ba shi da su, to aƙalla kada ya ɗora asusun bankinsa a kan wannan lamba.

Wani lokaci kuma ba kai ne ka sauya ba, ƙasar abokin cinikinka ce ta sauya masa. Kamaru ta ƙara lamba 6 a gaban lambobin salula a watan Nuwamban 2014, suka zama tara. Kwaddibuwa ta koma lambobi 10 a ƙarshen Janairun 2021. Ta baya-bayan nan da ta shafe mu ita ce Benin, wadda daga ranar 30 ga Nuwamban 2024 ta ƙara 01 a gaban kowace lamba. Masu hulɗa da Malanbil da Faraku da Kwatano da ke cewa wane ya daina ɗaukar waya, su duba ko sun gyara lambar a wayoyinsu.

Ga wanda ya riga ya yanke shawarar yankar sabuwar lamba gaba ɗaya, abin da muka ga ya fi dacewa shi ne kada ya yanke tsohuwar a rana ɗaya. Wayoyin da ke kasuwa yanzu, irin su Tecno da Itel, kusan duk masu ɗaukar sim biyu ne. A bar tsohon a ciki na wasu watanni, a riƙa sa masa ko da katin Naira 100 ne ana yin kira da shi lokaci-lokaci, har kakar ciniki ta zagayo, domin akwai abokin cinikin da ba ya kira sai lokacin ragunan layya, akwai wanda sai kakar riɗi ko ta aya. A cikin wannan tsakani a gama da banki, a gama da WhatsApp, a kira mai fenti ya gyara lambar da ke jikin rumfa da ta jikin mota, a kuma sanar da sarkin tasha da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa na ɓangarorin iyaka biyu.